SUNA LINZAMI: GARGAƊI GA MASU AUNA DARAJAR MUTUM DA SUNANSA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako muna so mu tattauna a kan wani al'amari wanda jama'a su ke gani ƙarami ne, alhali kuwa ya raba zumunta, ya hana aure, har ma a wasu wurare ya jawo wa bayin Allah zargin abin da ba su ji ba ba su gani ba. Al'amarin kuwa shi ne yadda mu ke jin sunan mutum, tun ba mu ga fuskarsa ba, sai mu yanke masa hukunci: wannan ɗan birni ne, wancan baƙauye ne, wannan ɗan asali ne, wancan kuwa sai an binciki kakansa.

Abin da ya tayar mana da maganar shi ne wani raɗin suna da muka halarta kwanakin baya a wani ƙauye na ƙasar Ƙanƙara. Tun bayan sallar asuba jama'a suka taru a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure, wanzami yana wasa askarsa. Liman ya matso domin a raɗa masa suna, sai muka ga uban jariri da baffanninsa sun ja gefe guda ana ta ƙus-ƙus. Ashe dattawan gidan sun so a mayar da sunan kakan yaron ne, wanda ya rasu ba da daɗewa ba, mutumin da ya shekara talatin yana limancin masallacin unguwar, kowa ya san shi da Malam Garba. Uban yaro kuwa ma'aikaci ne a birni, ya ce shi ba zai kai ɗansa makaranta da sunan masu gadi ba, shi Sadik ya ke so. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta fara ɗagowa. Can sai liman ya yi murmushi ya ce, "Ku da ku ke ta gardama, ai suna guda ku ke faɗa. Garba Abubakar ne, Sadik ma Abubakar ne." Aka yi dariya, aka yanka rago da sunan Abubakar, aka shafa fatiha. Amma mu dai mun tashi daga wurin da nauyi a zuciya, domin mun ga ɗa yana jin kunyar sunan da mahaifinsa ya amsa har ya koma ga Ubangijinsa.

INDA SUNAYENMU SUKA SAMO ASALI

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu tuna yadda Bahaushe ya ke sa suna. Galibi kowane ɗa yana da suna biyu. Akwai sunan yanka, watau wanda a ke raɗawa ranar bakwai, kuma mafi yawa sunan annabi ne ko na sahabi ko na wani salihin bawa. Sa'an nan akwai laƙabi, wanda shi ne ya ke bin mutum a gida da kasuwa da gona, har wani lokaci a manta da na yankan sai ranar ɗaurin aure.

Laƙabin nan ba a banza ya samu ba. Babban dalilinsa kunya ce. Matar gida ba ta faɗin sunan surukinta ko surukarta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, saboda haka in aka mayar wa jariri sunan kakansa sai a sakaya shi, a kira shi Abba ko Baba ko Baffa, mace kuwa Ummi ko Iya ko Uwani. Ga kuma sunayen ranaku, Ɗanladi da Ladi, Tanimu da Tani, Ɗantala da Talatu, Bala da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Wasu sunayen kuwa tarihin haihuwa ne a dunƙule. Tanko shi ne namijin da ya zo bayan mata, Kande ko Delu ita ce macen da ta zo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Nomau an haife shi ana tsakiyar noma, Anaruwa ana sheƙa ruwan sama, Baƙo an yi baƙi a gida, Azumi cikin watan Ramalana, Sallau da Tasalla ranar idi. A zamanin da babu takardar haihuwa, sunan mutum shi ne rajistarsa. Wanda duk ya zauna da tsofaffi a Daudawa ko Mairuwa ko Damari ya san cewa daga jin laƙabin mutum za su gaya maka ranar da aka haife shi, da wanda ya ke bi, da halin da gidansu ya ke ciki a shekarar.

Fulanin da mu ke zaune tare da su tun kaka da kakanni su ma suna da nasu tsarin: Dikko ɗan fari, Sambo mai bi masa, Yero na uku. To, a cikin wannan duka ina abin ƙasƙanci? Kunya ce, da lissafin kwanaki, da tunawa da ni'imar Allah.

SUNA ƊAYA, DARAJA BIYU

Abin mamaki shi ne, mafi yawan sunayen da a ke yi wa kallon na ƙauye, su ne dai sunayen da a ke yi wa kallon na wayewa, bambancin kawai lafazi ne. Harshen Bahaushe ya ɗauki sunayen Larabci tun ɗaruruwan shekaru, ya sassaƙa su daidai da bakinsa. Abdullahi ya zama Audu, Abubakar ya zama Garba ko Habu ko Buba, Muhammadu ya zama Mamman, Ibrahim ya zama Iro, Idrisu ya zama Idi, Auwalu ya zama Lawal. A'ishatu ta zama Indo, Hadizatu ta zama Dije, Maryamu ta zama Mairo, Zainabu ta zama Abu, Faɗimatu kuwa Binta.

Da aikin hajji ya yawaita, ɗalibai suka riƙa zuwa karatu Makka da Madina da Alƙahira, sa'an nan akwatin talabijin da wayar hannu suka shiga gidaje, sai kunnenmu ya saba da wani lafazin. Wannan ba laifi ba ne, gyara lafazi abu ne mai kyau. Laifin ya shigo ne lokacin da muka mayar da lafazi ma'aunin aji. Yau idan aka ce Humaira, sai zuciya ta hango 'yar makaranta a gidan mai hali. Idan aka ce Indo, sai ta hango mai tallan gyaɗa a tasha. Alhali dukansu biyu Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, a ke nufi. Idan aka ce Zahra sai a gyara zama, idan aka ce Binta sai a taɓe baki, alhali 'yar Manzon Allah guda ce a ke yi wa takwara. Har mun kai ga saurayi ya fi son a kira shi Abdul a kan a kira shi Audu, bai sani ba Abdul rabin suna ne, ma'anarsa "bawan", an yanke ba a faɗi ko bawan wane ne ba.

Masu shirya wasan kwaikwayo ma sun taimaka wajen kafa wannan ra'ayi. Duba da kyau ka gani: mai gadi da ɗan aike da wawan gari, kusan kullum Tanko ne ko Mudi ko Audu. 'Yar aiki Talatu ce ko Lantana. Ɗan mai kuɗi kuwa wanda ya dawo daga Turai, shi ne Faisal ko Kamal. Yaran da su ke kallon wannan a Sabuwa da 'Yankara suna girma da tunanin cewa sunan ubansu sunan bara ne. Ta haka iyaye suka shiga tseren neman suna baƙo wanda ba a taɓa ji a unguwa ba, wani ma ba ya tambayar malami ma'anarsa, in dai ya yi daɗin faɗa shi ke nan.

TABON DA YA ƘI GOGUWA

Akwai kuma wani ɓangare wanda ya fi wannan ciwo, shi ne na binciken asali. A zamanin bauta, iyayengiji kan sa wa bayinsu sunaye na daban, irin su Nasamu da Allah-bar-sarki, waɗanda daga ji an san matsayin mai su. Dokar Turawa ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, kuma a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Amma har yanzu akwai gidajen da in an zo neman aure, sai a koma ana lissafin kakanni, in an ci karo da suna mai kama da waɗancan sai a ce a dakata.

Haka kuma kudancin Katsina ƙasa ce da Maguzawa suka daɗe a cikinta, kuma da yawa daga cikinsu Allah Ya shiryar da su zuwa Musulunci, wasu tun zamanin kakanni, wasu a zamaninmu. Sai ka ga mutum ya musulunta, ya yi karatu, ya yi hajji, 'ya'yansa sun sauke Alƙur'ani, amma saboda sunan mahaifinsa Ranau ne ko Jatau ko Nomau, in ya nemi aure ko limanci ko wani muƙami a unguwa sai a riƙa raɗe-raɗi a bayansa. Wane irin kira zuwa ga addini ne wannan, mu jawo mutum da hannun dama, mu tunkuɗe shi da na hagu? Sahabbai kusan dukansu 'ya'yan masu bautar gumaka ne.

ABIN DA TARIHIN KATSINA YA KE FAƊA

Mutumin Katsina shi ne ya fi kowa cancantar ya guje wa wannan ɗabi'a, domin tarihin ƙasarsa ya ƙaryata ta. Fadar Sarkin Katsina har gobe Gidan Korau a ke ce da ita. Muhammadu Korau, wanda a ke lissafa shi sarki Musulmi na farko a Katsina a ƙarni na 15, labarin baka ya nuna daga 'Yandoto ya zo, can wajen Tsafe, maƙwabtan Faskari. Korau laƙabin gargajiya ne tsantsa, irin wanda yau da wuya ɗan boko ya yarda a kira ɗansa da shi, amma shi ne sunan da birni guda ya ke taƙama da shi.

Waliyyin Katsina kuma babban malaminta na ƙarni na 17, wanda Larabawa su ke rubutawa Ibnus Sabbag, mu Ɗan Marina mu ke ce masa, watau an jingina shi ga rini, sana'ar masu baƙin hannu. Sai ga shi maƙabartar da ta ke ɗauke da sunansa ita ce aka kai shugaban ƙasa guda, Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka rufe a cikinta a watan Mayu na 2010. A Gobir kuwa, sarkin da ya fi kowane ƙarfi a ƙarni na 18 sunansa Bawa Jangwarzo. Wa ya isa ya tsaya a gabansa ya ce sunansa na bayi ne?

Shugabannin jihadi ma ba su yar da sunayen harshensu ba. Fodiyo kalmar Fulatanci ce mai nufin malami. Bello, sunan Sarkin Musulmin da ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ba Larabci ba ne. Wazirinsa kuma mijin Nana Asma'u, sunansa na yanka Usmanu, amma duniya Giɗaɗo ta san shi. Waɗannan mutane sun fi mu sanin Larabci nesa ba kusa ba, sun wallafa littattafai a cikinsa, ba su ga wata tawaya a cikin amsa sunan da iyayensu mata suka kira su da shi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, laƙabin ɗan fari na Fulani ya ke amsawa. A zamanin siyasa kuma, lokacin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, gwamnan da aka zaɓa a 1979 shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, kuma da sunan ranar Laraba talakawa suka san shi. A Kano Malam Ibrahim Shekarau ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011. Ashe dai mutum ne ya ke ɗaukaka suna da aikinsa.

ABIN DA SHARI'A TA TANADA

Kada wani ya fahimci cewa muna nufin suna ba shi da muhimmanci. Ko kusa. Kyautata suna haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kuma Hausawa sun yi gaskiya da suka ce suna linzami. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Ya tabbata kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kan canja suna in ya ji shi da aibu. Wata 'yar Sayyidina Umar da a ke kira da sunan da ya ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Ya canja sunan Barra zuwa Zainab, saboda Barra yabon kai ne da tsarki. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, watau mai tsauri, Annabi ya so ya mayar da shi Sahlu, mai sauƙi, ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba, kuma Imam Buhari ya ruwaito cewa Sa'idu da kansa ya ce tsaurin nan bai bar zuriyarsu ba. An kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan mutum ya kira kansa sarkin sarakuna.

To, mu lura da kyau. A duk waɗannan, ma'anar suna aka duba: ko tana da muni, ko tana da yabon kai, ko tana da shirka. Ba a taɓa canja suna don na talaka ne, ko na bawa, ko na wata ƙabila ba. Bilal ya zo daga zuriyar Habasha yana bawa, Mariya ta zo daga Masar, duk an bar su da sunayensu. Malamai sun ce Ibrahim da Isma'ila da Is'haƙa ma asalinsu ba Larabci ba ne. Saboda haka Tanko da Kande da Sambo ba su da wani aibu a shari'a. Waɗanda ya kamata a bari su ne irin sunayen da a ke sa wa 'ya'yan mai wabi, kamar Ajuji da Ayashe, in an sa su da nufin a ɓad da kama ga mutuwa ko ga iskoki, domin rai da ajali a hannun Allah kaɗai su ke. Duk da haka wanda aka riga aka sa wa, ba shi ya zaɓa ba, kuma ba halal ba ne a yi masa izgili.

A cikin Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu ba'a, domin mai yiwuwa ne waɗanda a ke yi wa sun fi masu yi alheri, kuma a ayar nan dai Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba. A aya ta 13 Ya bayyana cewa an yi mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ne domin mu san juna, kuma fifiko a wurinSa da taƙawa ya ke. Lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Annabi ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ya kuma lissafa alfahari da asali da sukar nasabar mutane a cikin al'amuran jahiliyya da za su wanzu a cikin al'ummarsa. Mu duba kanmu, kada mu zama mu ne a ke nufi.

Game da aure kuwa, mu mabiya mazhabar Imam Malik ne, kuma abin da ya shahara a mazhabar shi ne a duba addinin mai neman aure da kuɓutarsa daga aibobin da su ke hana zaman aure, nasaba ba sharaɗi ba ce. Annabi da kansa ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantaccen bawa ne, ya kuma shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, da ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Shi kansa Imam Malik, babban malaminsa Nafi'u 'yantaccen bawan Abdullahi ɗan Umar ne, kuma ruwayar Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar ita ce malaman hadisi su ke kira sarƙar zinariya. Manyan malamai da yawa da sunan sana'a aka san su: Alhariri mai littafin Muƙama da a ke karantawa a zaurukanmu an jingina shi ga alharini, Alƙaffal ga ƙirar kwaɗo, Alhassaf ga ɗinkin takalma. Wanda ya ke ƙyamar ɗan maƙeri ko ɗan mahauci ko ɗan wanzami saboda sunan gidansu, sai ya fara da ƙyamar littattafan da ya ke karatu a cikinsu.

LOKACIN DA SUNA YA ZAMA TUHUMA

A ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan magana ta wuce ta raini da aure, ta kai ga tsaron rai. Kowa ya san irin jarrabawar da waɗannan ƙananan hukumomi suka shiga ta 'yan bindiga, da satar shanu, da sace mutane domin kuɗin fansa. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu a ranar 17 ga watan. Mutumin da ya jagoranci wannan ta'asa an san shi da Auwalun Daudawa, wanda ya ajiye makamai a Gusau a watan Fabrairu na 2021, ya sake komawa daji, aka kashe shi a ƙarshen Afrilu na shekarar.

Ga darasi biyu a cikin sunan nan nasa. Na farko, Auwalu suna ne mai kyau, na birni, wanda ba uban da zai ji kunyar sa wa ɗansa, amma bai hana mai shi aikata abin da ya aikata ba. Na biyu, laƙabinsa ya yi daidai da sunan Daudawa ta ƙasar Faskari, garin manoma da aka daɗe da saninsa da auduga, sai ga sunan garin bayin Allah yana yawo a bakin duniya tare da labarin ta'addanci. Tun zamanin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, 'yan makaranta suka saba ɗaukar sunan garinsu su liƙa a bayan nasu, kamar yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Aminu Kano suka yi, kuma abin alfahari ne. Yau kuwa wanda ya gudo daga ƙauyensa ya shiga Funtuwa ko Zariya ko Kano yana neman ɗakin haya ko aikin ƙarfi, wani lokaci da ya faɗi sunansa da na garinsu sai ya ga fuskar mai gida ta canja. Wanda aka zalunta aka raba shi da gonarsa, shi ne kuma a ke yi wa kallon azzalumi.

Haka nan Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma an kore masa shanu, in ya shigo kasuwa aka ji an kira shi Sambo ko Buba ko Jauro, sai idanu su koma kansa. An sha ba da labarin waɗanda aka halaka a irin wannan hali ba tare da bincike ko shari'a ba, kuma kowane jini irin wannan sabuwar gaba ya ke haifarwa. Alhali hukuma ta sha kama masu kai wa ɓarayi labari da abinci da man fetur a cikin gari, mutane masu sunaye irin namu, masu sallah a sahu ɗaya da mu. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma a cikin Suratul Hujurat ɗin nan dai an umurce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, an kuma gargaɗe mu cewa wani sashe na zato zunubi ne. Mai laifi a kama shi da hujja, a miƙa shi ga hukuma ko da sunansa ya fi na kowa daɗi. Marar laifi kuwa a bar shi ko da sunansa ya yi kama da na wanda a ke nema.

Wannan cuta ba mu kaɗai ta kama ba. A Amurka wasu masana biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika da takardun neman aiki kusan 5,000 ga ma'aikatu a biranen Boston da Shikago, takardun iri ɗaya, sai dai wasu an sa musu sunayen da a ke dangantawa da farar fata kamar Emily da Greg, wasu kuma na baƙar fata kamar Lakisha da Jamal. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna masu sunayen farar fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Mu lura, Jamal ɗin da mu a nan mu ke yi wa kallon sunan 'yan gata, a can shi ne a ke jefar da takardarsa. Idan muna jin zafi in an wulaƙanta Musulmi a ƙasashen waje saboda sunansa, ko in wani a kudancin ƙasar nan ya mayar da Musa sunan kowane mai gadi, to, da wane baki za mu yi wa ɗan'uwanmu na ƙauye irin wannan?

SHAWARARMU

Ga iyaye, ku zaɓa wa 'ya'yanku suna mai kyakkyawar ma'ana, ku tambayi malami kafin ranar suna, kuma kada ku ji kunyar mayar da sunan iyayenku. Yaro ya san wanda aka yi masa takwara da shi, a ba shi labarinsa, domin ya yi koyi.

Ga limamai da malaman zaure da na Islamiyya, ku yi irin abin da limamin ƙauyen nan ya yi. Ku koya wa yara cewa Audu da Abdullahi ɗaya ne, Dije da Hadiza ɗaya ne. Ku tsawata wa ɗalibi in ya yi wa ɗan'uwansa dariya ranar kiran suna. Wanda ya musulunta kuwa, in sunansa ba shi da mummunar ma'ana, ba dole ba ne ya canja, kuma ba a raba shi da jingina ga mahaifinsa.

Ga waliyyan aure, ku binciki sallar yaro da sana'arsa da halinsa da yadda ya ke riƙe da iyayensa. Sunan kakansa ba zai ciyar da 'yarku ba, ba zai kuma cuce ta ba.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da masu aikin tsaro na sa-kai, ku tsare mutuncin duk wanda ya ke ƙarƙashinku, Bahaushe ne ko Bafulatani, ɗan gari ne ko ɗan gudun hijira, kada a hukunta kowa sai da shaida.

Mu kuma sauran jama'a, duk lokacin da muka ji an ambaci sunan wani, zuciya ta fara zana mana kamanninsa da ajinsa, mu ja mata linzami, mu jira mu ga aikinsa. Akwai wani sahabi mai suna Julaibib, matalauci wanda ba a san shi da wani babban dangi ba. Da aka gama wani yaƙi kowa yana lissafa manyan da ya rasa, ba wanda ya tuna da shi, sai Manzon Allah ya ce shi Julaibib ya rasa, ya sa aka nemo gawarsa, ya ɗauke shi a kan hannayensa masu albarka har aka haƙa masa kabari, ya kuma shaida cewa shi da Julaibib abu guda ne.

Allah Ya kyautata sunayenmu da ayyukanmu, Ya tsare harsunanmu daga cin mutuncin bayinSa, Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasarmu baki ɗaya, Ya jiƙan iyayenmu da suka raɗa mana suna. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.